An rufe S.W.A.T., an rufe FBI biyu: wai me tashoshin Amurka suke dubawa ne?

Abban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Masu bin shirye-shiryen Amurka masu dogon zango, bana dai, wato 2025, an yi mana ɓarna. Tashar CBS ta rufe S.W.A.T. a zango na 8, ta rufe FBI: Most Wanted da FBI: International lokaci guda, ta haɗa da The Equalizer na Queen Latifah. Tashar NBC kuma a watan Mayu ta sallami guda biyar: Found, The Irrational, Suits LA, Night Court da Lopez vs Lopez. Amma Grey's Anatomy da aka fara tun 2005 an ƙara masa zango na 22, The Simpsons kuwa zango huɗu aka ƙara masa a lokaci ɗaya, zai kai na 40 ke nan. Don Allah wanda ya san kan abin ya fahimtar da ni. Shirin da mutane ke kallo, yaya za a yi a wayi gari a ce an soke shi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Abban Khalifa, ai shi ya sa ni na daina fara sabon shiri. Sai na tabbatar an gama shi, an ba labarin ƙarshe, sannan in sa a tura min. Ba zan ƙara ba da zuciyata ga labarin da za a datse a tsakiya ba.

Malam Nura Zariya: Wa alaikumus salam. Tambayar tana da amsa, sai dai amsar ba ta da daɗi. Tasha ba ta tambayar ko shiri yana da kyau. Abu uku take dubawa: nawa masu talla za su biya a kansa, nawa yake ci a kowane kashi, sannan mallakar waye.

Na ukun nan shi mutane ba su lura da shi. Tashar da kake ganin tambarinta a kusurwar allo sau da yawa ba ita ta mallaki shirin ba. Haya ta ɗauka, kamar wanda ya kama rumfa a kasuwa: yana ciniki a ciki, amma rumfar ta wani ce. S.W.A.T. na kamfanin Sony ne da haɗin gwiwar CBS. Su FBI kuma daga Universal Television suke, wato ɗan gidan NBC, duk da cewa a CBS ake nuna su kuma tana da hannu a ciki. Idan aka sayar da shirin ga ƙasashen waje ko ga Netflix, mai shi ne ke kwasar babban rabo. To idan tasha tana da shirye-shirye biyu masu yawan 'yan kallo kusan ɗaya, ɗaya nata ne kacokan, ɗaya na haɗaka, ka san na haɗakar za ta soke.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne 9-1-1. Yana cikin manyan shirye-shiryen Fox, amma a watan Mayun 2023 ta sake shi bayan zango 6, ABC ta ɗauka nan take. Dalili? Kamfanin da ke shirya shi, 20th Television, ya koma hannun Disney tun cinikin 2019, ita kuma Disney ita ke da ABC. Fox tana biyan kuɗi mai yawa a kan kayan da ba nata ba. Haka Brooklyn Nine-Nine a 2018: Fox ta soke, washegari NBC ta karɓa, saboda dama na Universal ne.

Abban Khalifa: Malam, na gode. Amma S.W.A.T. fa sau uku ana yi masa haka. An soke a Mayun 2023, bayan 'yan kwanaki aka janye. Aka ce zango na 7 ne na ƙarshe, a 2024 aka ƙara na 8. Bana kuma aka rufe. Ai wannan wasa da hankalin mutane ne.

Malam Nura Zariya: Ciniki ne ake yi a bainar jama'a, ɗan'uwa. Tasha ta ce ba za ta biya kaza ba, mai shiri ya rage farashi, a dawo. Kuma ka duba abin da Sony ta yi bayan an rufe: ta sanar da S.W.A.T. Exiles, kashi 10, da jarumin shirin, Shemar Moore, tun kafin ta sami tashar da za ta nuna shi. Mai kaya bai yarda kayansa sun mutu ba.

Yaya Awudu (Bronx): Salamu alaikum. Ni da nake nan ina kallon abin kai tsaye, bari in ƙara wani abu a kan maganar Malam. Batun NBC na bana ba ruwansa da ko shirye-shiryen sun yi kyau. Ƙwallon kwando ce ta kore su. NBC ta shiga yarjejeniyar shekara 11 da NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ana maganar kusan dala biliyan biyu da rabi a shekara, za a fara daga kakar 2025. Daren Talata zai koma na wasa, daren Lahadi ma haka idan an gama kakar ƙwallon Amurka ta NFL. Sa'o'in dare da ake rububi a kansu daga ƙarfe 8 zuwa 11 ne kawai. In an ba wasa dare guda, shirye-shirye uku sun rasa wurin kwana.

Kuma gaskiya a gidajen da nake shiga, wasa ne kaɗai ke tara mutane gaban talabijin a kan lokaci. Maƙwabcina yana son Chicago Fire sosai, amma bai taɓa zama ƙarfe tara ya jira shi ba. Sai ya dawo daga aiki, ya ci abinci, ya buɗe Peacock, manhajar kallo ta NBC, washegari ya kalla. Ranar wasa kuwa tun kafin a fara ya zauna, har tallan da ake sakawa a tsakiya yana kallo don ba ya son wani abu ya wuce shi. Mai talla wannan zaman yake saya.

Ɗan Tudun Wada: Yaya Awudu ka faɗi gaskiya. Amma ni abin da ya fi ba ni mamaki Suits LA ne. A shagona babu wanda bai tambayi tsohon Suits ba a 2023, har waɗanda ba sa jin Turanci sosai. Sai ga sabon ya zo a Fabrairu, kafin ƙarshen Mayu an binne shi.

Hajiya Rabi: Ɗana, ai suna ba ya riƙe mai kallo. Mutane Harvey da Mike da Donna na tsohon Suits suke so. An kawo musu wasu lauyoyi a wani gari an ce su so su. Na kalli kashi biyu na ajiye.

Malam Nura Zariya: Hajiya ta taɓo inda nake son zuwa. Abin da ya fi damuna a bana sababbin da aka ɗauka ne, fiye da waɗanda aka soke. Ku duba jerin: Boston Blue reshen Blue Bloods ne. Sheriff Country reshen Fire Country ne. 9-1-1: Nashville sunansa ma ya faɗa. CIA daga gidan su FBI ya fito. Ina sabon labari?

A da akwai abin da ake kira lokacin gwaji. Daga Janairu zuwa Afrilu, kowace tasha za ta zaɓi rubuce-rubuce ta ba da kuɗi a ɗauki kashi ɗaya tak na kowanne. Shekara goma sha da suka wuce, idan ka haɗa na manyan tashoshin, gwajin kan haura 80 a shekara. A nuna wa mutanen da aka tara a ɗaki, a ji ra'ayinsu, shugabanni su zauna su tace. A tsakiyar Mayu a je New York a baje wa masu talla kolin abin da aka zaɓa, su sayi gurbin talla tun kafin a fara nunawa a Satumba. Mafi yawan gwajin ba wanda ke ganinsu, kuɗin ya tafi ke nan. Cutar korona ta 2020 ta karya tsarin, yajin aikin marubuta na 2023 da ya kai kwana 148 ya ƙarasa shi. Yanzu gwajin da ake yi 'yan kaɗan ne. Sai dai a ba da odar zango kai tsaye, ko a cusa sabon jarumi cikin tsohon shiri a ga yadda za a karɓe shi, kamar yadda aka shigo da Morena Baccarin cikin Fire Country kafin a ba ta nata, wato Sheriff Country.

Sadiya Kaduna: Malam, ni a nan ban bi ka ba. Me ya sa za mu yi kukan tsarin da ke zubar da miliyoyin daloli a kan abin da ba za a nuna ba? HBO ta ɗauki gwajin wani reshen Game of Thrones a 2019 da Naomi Watts, aka ce ya ci sama da dala miliyan 30, aka kulle shi a ɗaki. Da wannan kuɗin ai an ba wani shiri zangon ƙarshe.

Malam Nura Zariya: Malama Sadiya, ɓarnar gaskiya ce. Amma gwaji shi ne wurin da ake gyara kafin a fita kunya. The Big Bang Theory gwajinsa na farko bai karɓu ba. CBS ta ce a sake, aka riƙe Jim Parsons da Johnny Galecki, aka canza sauran, aka kawo Kaley Cuoco. Abin da ya fito ya yi zango 12, kashi 279. Shi kansa Game of Thrones ɗin, gwajinsa na asali sai da aka sake ɗaukar kusan dukkansa, har aka canza wadda ta fito a Daenerys. Da odar kai tsaye aka ba su, da kuskuren ya bi su har ƙarshe. Kuma gwaji ne ke ba baƙon marubuci damar a gwada shi da kuɗi kaɗan. Idan za a ba da odar kashi 13 ba tare da an ga komai ba, wa za a ba? Wanda aka sani. Shi ya sa Dick Wolf, furodusan su Chicago Fire da FBI, yake da dare sukutum a NBC.

Sadiya Kaduna: To amma Suits LA ai an yi masa gwaji, bai hana shi faɗuwa ba.

Malam Nura Zariya: Haka ne, an yi. Gwaji ba laya ba ne.

Maman Ilham: Ku dai kuna ta lissafin kuɗinsu. Ni maganata ɗaya ce: wanda ya fara ba ka labari, akwai alkawari tsakaninku. Idan kuɗi ya ƙare, a ba marubuta kashi biyu ko uku su ɗaure bakin zaren. NBC ta taɓa yi wa Timeless haka, ta ba shi fim na awa biyu a Disambar 2018 bayan ta soke shi. Netflix ta yi wa Sense8. Ashe ana iyawa. Me ya hana a mayar da shi ƙa'ida? Akwai wani shiri da muka bi da ƙanwata, kullum bayan isha'i mu jingina waya da filas ɗin shayi mu kalli kashi ɗaya. Kashin ƙarshe ya tsaya an harbi mutum, an nufi asibiti da shi, allo ya yi baƙi. Muka koma wurin mai tura fim neman ci gaba, ya duba kwamfutarsa ya ce Hajiya iyakarsa ke nan, ba a yi wani ba. Har yau ƙanwata in ta tuna sai ta yi tsaki.

Ɗan Tudun Wada: Anti, wallahi mu ma muna shan wannan. Mutum zai dawo yana faɗa, a zatonsa mu muka rage masa. Yanzu kafin in tura wa mutum sai in gaya masa: wannan an gama shi, wannan an yanke shi, ka zaɓa.

Yaya Awudu (Bronx): Maman Ilham, ina tare da ke a batun ƙarshe. Amma wani lokacin laifin na marubutan ne. Suna sane da cewa shirinsu na rawa, sai su ƙare zango a kan gaɓa da gangan don su matsa wa tasha ta sabunta. In dabarar ba ta ci ba, mai kallo ne ke kwana a ciki.

Sannan matakin da kika ɗauka na jira sai an gama, a nan Amurka shi ne ke kashe sababbin shirye-shirye. Kowa na jira ya ga ko za a sabunta, ba wanda ya kalla a makonnin farko, sai a soke saboda ba a kalla ba. Netflix musamman tana duba mutum nawa suka fara, nawa suka kai ƙarshe, cikin ɗan lokaci. 1899 ya fito a Nuwambar 2022, masu shi sun tsara zango uku, a Janairu aka ce an rufe.

Maman Ilham: Yaya, wannan nauyin a kanku yake ku da ake ƙirgawa. Ni da nake Kano ina kallo a memori, wa ya san da ni? Ko na kalla ranar da ya fito, ko bayan shekara biyar, duk ɗaya ne a wurinsu.

Issoufou Zinder: Gaskiyar Maman Ilham ke nan. Kamfanin Nielsen da ke ƙidayar 'yan kallo gidajen Amurka yake aunawa, su ma wasu dubbai ne aka zaɓa su wakilci sauran. A cikinsu ma masu talla sun fi damuwa da 'yan shekara 18 zuwa 49. Prison Break da 24 babu irin son da ba a yi musu ba daga Zinder har Kano, amma ba a taɓa sa mu a lissafi ba ranar yanke hukunci.

Sadiya Kaduna: Ban yarda gaba ɗaya ba, Malam Issoufou. Wanda ke kallo a Netflix da rijista ana ganinsa ko a ina yake. Lucifer da Fox ta soke a 2018, masu kallo na ƙasashen waje suna cikin abin da ya sa Netflix ta ɗauke shi har ya kai zango 6. Manifest ma NBC ta soke a Yunin 2021, ya hau Netflix ya yi ta zama na ɗaya, kafin ƙarshen Agusta aka ba shi kashi 20 ya kammala labarinsa. Wato hayaniya kaɗai ba ta isa ba, sai an ga alƙaluma.

Malam Nura Zariya: Wannan haka yake. A 2007 masoyan Jericho sun aika wa CBS gyaɗa wajen tan 20 don nuna fushi. Aka dawo da shi kashi 7, 'yan kallo ba su ƙaru ba, aka sake rufewa a 2008.

Hajiya Rabi: Ni Bob Hearts Abishola ne ya tsaya min a rai. Shiri ne a babbar tashar Amurka, jarumar 'yar Najeriya, Folake Olowofoyeku, ana Yarbanci ana cin abincinmu a ciki. Kafin zango na 5 sai aka rage matsayin kusan duk 'yan wasan, aka bar manyan biyu kawai a matsayin na dindindin, sauran sai jefi-jefi. Daga nan na san an kusa. A 2024 aka rufe. Amma dai an sanar tun da wuri, an yi masa ƙarshe mai kyau, ban fita da haushi ba.

Malam Nura Zariya: Hajiya, wannan rage 'yan wasa yanzu ya zama ruwan dare. Shiri yana tsufa, albashi yana hawa, 'yan kallo suna raguwa. Blue Bloods sai da 'yan wasansa suka yarda aka rage musu albashi da kashi 25 cikin ɗari kafin a yi zango na 14, duk da haka a Disambar 2024 aka rufe, alhali yana cikin waɗanda aka fi kallo a CBS. Yanzu an ɗauki mutum ɗaya daga ciki, Donnie Wahlberg, an kai shi Boston, an kewaye shi da sababbin fuskoki. Sunan yana nan, kuɗin ya ragu.

A da akwai abin da ke ceton shiri mai matsakaicin ƙarfi: idan ya kusa kashi 88 zuwa 100, ana lallaɓa shi ya kai, don a sayar wa ƙananan tashoshi su riƙa maimaitawa kullum. Da zango mai kashi 22, shekara huɗu ta isa. Yanzu da ake yin 10 ko 13, yaushe za a kai? Kuma ga alƙaluman Nielsen na watan Mayun 2025: kallo ta intanet ya kai kashi 44.8 cikin ɗari na kallon talabijin a Amurka, ya wuce tashoshin iska da na kebul a haɗe, karo na farko.

Abban Khalifa: To Malam, in haka ne ai gara namu na gida. Daɗin Kowa tun yaushe ake yi a Arewa24, ba wanda ya zo ya ce an soke.

Ɗan Tudun Wada: Yaya, namu ma akwai irin tasu matsalar, sai dai ba a sanarwa. Shirye-shirye nawa aka fara a YouTube, aka yi kashi biyar ko shida, aka ji shiru? Ba wanda zai fito ya ce an soke, sai dai ka gaji da jira. Furodusa da kuɗin aljihunsa yake yi, in masu kallo ba su taru ba, masu talla ba su zo ba, dole ya tsaya. Irin su Labarina da Izzar So da suka daɗe, jama'a ce ta riƙe su.

Sadiya Kaduna: Kuma namu in ya karɓu sai a ƙi ƙarewa, a yi ta jan labari har ya tsinke. Ni a wurina wanda aka yanke da wanda aka ja fiye da ƙima duk an cuci labarin.

Maman Ilham: A'a Sadiya, ba ɗaya ba ne. Wanda aka ja, ni ke da ikon ajiyewa ranar da na gaji. Wanda aka yanke, an ƙwace min zaɓin.

Issoufou Zinder: Yaya Awudu, cikin sababbin nan akwai wanda ba reshen wani ba kuwa?

Yaya Awudu (Bronx): Akwai kaɗan. CBS na da wani na barkwanci, DMV, a kan ma'aikatan ofishin ba da lasisin tuƙi. Duk wanda ya taɓa bin layi a wannan ofis a nan zai so ya leƙa. Fox kuma ta ɗauki Best Medicine da Memory of a Killer, amma su ma ba sababbi fil ba ne: na farko daga Doc Martin na Ingila aka ɗauko shi, na biyu daga wani fim na Beljiyam. Boston Blue an ba shi daren Juma'a ƙarfe 10, gurbin da Blue Bloods ya daɗe a ciki.

Hajiya Rabi: To ɗana na Tudun Wada, in Boston Blue ya fito ka ajiye min kashi uku na farko, zan aiko yaro da memori. In babu teburin cin abincin iyali irin na gidan Reagan na Blue Bloods, ba sai ka tura sauran ba.

Ɗan Tudun Wada: An gama, Hajiya. Sai dai sai wajen Oktoba, in Allah ya kai mu.